Inna tana haki, Yaya ya hana ta motsi

Assalamu alaikum. Shawara nake nema a kan mahaifiyarmu. Shekarunta 67, ta yi sama da shekara 30 tana tuyar ƙosai da waina a murhun itace, da sana'ar ta riƙe mu bayan rasuwar Baba. Ta daɗe tana tari da haki, muka ɗauka asma ce, muna sayo mata magani a kemis. Bara muka kai ta asibitin koyarwa, aka sa ta hura iska a wata na'ura, likita ya ce ciwon huhu ne da ake kira COPD, kuma nata matsakaici ne. Ya rubuta mata inhela, ya ce ta nisanci hayaƙi, ya tura mu sashen gashi, wato na gashin ƙashi, a koya mata motsa jiki. Nan rigima ta tashi. Babban yayanmu ya ce wadda ke haki daga ɗaki zuwa banɗaki ba za a sa ta guje-guje ba. Ya ɗauko mata yarinya, ko buta ba ta ɗauka, yanzu kuma tukunyar oksijin yake son saya. Wata takwas ke nan tana zaune. Ƙafafunta sun tsotse, ba ta iya tashi daga tabarma sai an kama ta, ta daina zuwa biki da suna, maganarta ma ta ragu. In na yi magana a ce ba na tausayinta. Ni ce a kan kuskure?

'Yar'uwarku daga Zariya

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya ba Inna lafiya, Ya sa kaffara ne, ku kuma Ya saka muku da alheri.

Ba ke ce a kan kuskure ba. Abin da idonki ya gani a wata takwas ɗin nan shi ne ainihin abin da likitan ya so ya tare ranar da ya tura ku sashen gashi. Sai dai kada ki ɗauki amsar nan ki je ki karanta wa Yaya don ya san kin fi shi gaskiya. Duk wanda ya ga uwarsa ta dafa bango tana neman numfashi, abin da zai fara fitowa daga bakinsa shi ne "Inna, zauna." Tausayi ne. A ciwo da yawa hutu na da amfani, a wannan ne dai yake zama gyaran gangar Abzinawa.

Ga abin da ke faruwa a ƙirjinta. Hayaƙin shekara da shekaru ya sa ƙananan hanyoyin iska na huhu sun kumbura sun ƙuntace, huhun kuma ya rasa ƙarfin da yake matso iska waje da shi. Wahalar ta fi yawa wajen fitar da iska. Kafin tsohuwar ta gama fita an ja sabuwa, sai ragowa ta riƙa taruwa a ƙirji. Da ta yi sauri, numfashi ya ƙara sauri, lokacin fitarwa ya ƙara gajarta, ƙirjin ya cika fam, tsoro ya shigo, tsoron kuma ya ƙara wa numfashin gudu. Inna ba ita kaɗai ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ciwon ya kashe mutum miliyan 3.5 a 2021. A ƙasashe masu arziki taba ce ke jawo sama da kashi 70 cikin 100 na masu ciwon, amma a ƙasashe irin namu rabon taba kashi 30 zuwa 40 ne, hayaƙin girki kuma yana cikin manyan masu laifi. Shi ya sa ake ganin sa a jikin matan da ko warin sigari ba sa so.

Da likita ya ce matsakaici ne, yana nufin iskar da ta iya hurowa a daƙiƙar farko ta kai tsakanin kashi 50 zuwa 79 cikin 100 na abin da ake sa rai daga mace mai shekarunta da tsayinta. Mai irin wannan sakamako, galibi ba huhu ne ke hana shi tashi daga tabarma ba. Cinya ce. Tsokar da ba ta aiki tsotsewa take yi, ta riƙa gajiya da wuri, tana zuba wa jini wani tsami da jiki ba ya iya kawar da shi sai ya ƙara numfashi. Wato tafiyar da Inna ke yi bara daga ɗaki zuwa zaure, bana ta fi cin numfashi, ko da huhun yana nan yadda yake. Ta yi haki, aka ce ta zauna. Ta zauna, ƙafa ta mutu. Ƙafa ta mutu, haki ya ƙaru. Aka ƙara cewa ta zauna. A nan kuke yanzu.

Abin da ake yi a sashen gashi shi ne kwance wannan ƙulli. Ba ya gyara huhu, ko an sake gwajin hura iska ƙila lambar ba za ta motsa ba. Tsoka yake farfaɗowa, ya koya wa mutum sarrafa numfashinsa, ya cire masa tsoron haki. Kuma ba sabon abu ba ne da ake gwadawa a kan mutane. A 2015 ƙungiyar Cochrane, mai tattara binciken likitanci, ta haɗa gwaje-gwaje 65 da aka yi da mutum 3,822, ta ga haki ya ragu, gajiya ta ragu, nisan tafiya ya ƙaru, har masu nazarin suka ce ba a buƙatar sake wani gwaji don tabbatar da cewa abin yana aiki. Magunguna kaɗan ne ake yi wa irin wannan shaida.

Guje-gujen da Yaya ke tsoro kuwa babu su. A ranar farko za a auna jininta, a maƙala mata wata 'yar na'ura a yatsa mai nuna yawan oksijin a jini, a sa ta yi tafiya kai da komo a baranda na minti shida, da saurin da ta ga dama, ta tsaya in ta gaji. A rubuta mita nawa ta yi. Da wannan lamba ake yanka mata aikin da ya dace da ita. Shirin kan ɗauki mako shida zuwa takwas, zuwa biyu a mako, sauran ranakun a yi a gida. In a ƙarshe ta ƙara ko mita 30 a kan lambar farko, za ta ji bambancin a jikinta.

Don haka matakin farko, ku koma asibiti, tunda wata takwas ba kwana takwas ba ne. A sake duba zuciyarta, da hawan jini, da suga, da ƙarancin jini, domin kowannensu na iya ƙara haki. In tana rama, ko gumin dare, ko an taɓa ganin jini a kakinta, a yi gwajin tarin tibi. Kyauta ake yin sa a cibiyoyin tibi na gwamnati. Kuma ki tabbata da Yaya aka je. Ki ce masa shi ne babba, shi ya kamata ya ji daga bakin likita. Ya yi tambayoyinsa da kansa, har da ta oksijin.

Maganar oksijin ɗin nan a tsaya a kanta kafin kuɗi su fita. Oksijin maganin ƙarancin oksijin a jini ne, ba maganin haki ba. Mutum na iya haki sosai alhali na'urar yatsa tana nuna 95. Ana rubuta oksijin na gida ne ga wanda lambarsa ke zama 88 ko ƙasa da haka yana zaune, ba a lokacin tashin ciwo ba, kuma likita ne ke yanke adadin, domin a wasu masu wannan ciwo oksijin mai yawa yana sa gurɓatacciyar iska ta taru a jini har mutum ya fita hayyacinsa. Ga haɗarin gobara a gidan da ake hura wuta. In Yaya na da kuɗin kashewa, inhelar da ake shaƙa kullum, wadda ba a so ta yanke, da murhun gas sun fi cancanta.

Ƙila ku tarar asibitin ba shi da aji na musamman na masu ciwon huhu, ko kuɗin mota sau biyu a mako ya yi muku nauyi. Wannan bai rufe ƙofa ba. A Ostireliya an yi wani bincike, aka buga shi a 2017, da ya nuna shirin mako takwas a gida, da ziyarar ma'aikaci sau ɗaya da kiran waya mako-mako, ya ba da sakamako daidai da na zuwa asibiti a ƙarshen shirin. A asibitin Mulago na Kampala ma an yi wa waɗanda tibi ya bar musu tabo a huhu irin wannan horo da kayan aiki marasa tsada. Ki roƙi likitan gashi ya auna ta, ya rubuta muku tsari, ku riƙa komawa bayan mako biyu ko uku yana dubawa. Abin da zan faɗa a ƙasa shi ne kamannin tsarin. Adadin da ya dace da Inna shi zai faɗa.

Kafin tafiya, numfashi. Ta zauna, ta saki kafaɗa, ta ja iska ta hanci tana ƙirga ɗaya, biyu. Sai ta tsuke leɓe yadda take yi in za ta hura kunu mai zafi, ta saki iskar a hankali tana ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ba da ƙarfi ba. Tsuke bakin yana riƙe ƙananan hanyoyin a buɗe har iskar da ta maƙale ta samu fita. Ta koya a lokacin da take lafiya lau, sau da yawa a yini, domin ranar da haki ya taso ba ranar koyo ba ce. In ya taso, ta zauna ta ɗan duƙa gaba, gwiwar hannu a kan cinya, ko ta dafa taga in a tsaye take. A yi mata fifita a fuska, iska mai sanyi a fuska tana rage jin shaƙewa.

Ku ma akwai naku karatun. A gidajenmu da tsohuwa ta fara haki sai a yi caa a kanta, wannan na salati, wannan na ihun a kawo ruwa, wannan na neman mukullin mota. Duk wannan tsoro yake ƙara mata. Mutum ɗaya ya isa. Ya zauna gabanta, ya riƙe hannunta, ya tsuke nasa bakin yana sakin iska tare da ita, ba tambaya, ba "sannu" goma a minti ɗaya. Hakin da aiki ya kawo yana lafawa cikin 'yan mintoci. Ranar da Inna ta ga haka da idonta sau biyu sau uku, rabin aikin ya ƙare.

Sai tafiya, a tsakar gida, da takalmi mai kama ƙafa, ba silifa mai santsi ba. A ajiye kujera a kowane ƙarshe. Ta yi tafiyar minti biyu, ta huta minti ɗaya, ta sake, kamar sau huɗu ko biyar. A ajiye mata kwano da ƙwallayen dabino, duk zagaye ɗaya ta jefa ɗaya, ke kuma ki rubuta adadin a littafi. Kowane mako a ƙara kaɗan, har a kai minti 20 zuwa 30 a yawancin ranakun mako. Ma'aunin shi ne ta yi haki, amma ta iya amsa gaisuwa da gajeriyar magana. In tana iya zuba hira tiryan-tiryan, aikin ya yi kaɗan. In ko kalma ɗaya ta gagara, ya yi yawa. Na san wannan ne zai fi yi wa Yaya wuyar haɗiya, cewa hakin da kansa ake nema. Amma hakin aiki ba ya ɓata huhu.

Cinya tana da nata aikin. A jingina kujera mai ƙarfi da bango, kada ta zame. Ta tashi tsaye, ta koma ta zauna a hankali, sau biyar. Da farko da taimakon hannu, daga baya hannu a ƙirji. In biyar ta yi sauƙi a kai takwas, a kai goma. Ga hannu, gorar ruwa ƙarama a kowane hannu, ta ɗaga tana sakin iska, ta sauke tana ja. Dokar ita ce kada ta riƙe numfashi yayin yunƙuri, a wajen yunƙurin ake sakin iska. Sau biyu ko uku a mako ya isa. Kafin ƙafar ta dawo, ta riƙa zama a kujera ko bakin gado, tashi daga tabarma aikin gaba ne.

A dakata nan take in ta ji ciwon ƙirji, ko jiri, ko zuciya na bugawa ba daidai ba. Ranar da kaki ya ƙaru ko ya koma ɗorawa ko kore, ko zazzaɓi ya zo, ko hakin ya wuce na kullum, ranar asibiti ce, ba ta motsa jiki ba. Kumburin ƙafa ma a nuna wa likita. In leɓe ya canza launi, ko ta rikice, ko barci ya riƙa fizgarta ba dalili, ba a jira gari ya waye. Bayan ciwon ya lafa kuma a koma aiki da wuri, cikin mako huɗu da sallama daga asibiti ake so.

Yanzu batun yarinyar da aka ɗauko. Kada a sallame ta, a canza mata aiki. Ta ɗauki abin da ke tayar da ƙura da hayaƙi: shara, girki, tankaɗe, kaɗe shimfiɗa. A mayar wa Inna butarta, da tsintar wake, da ninke kaya, da zuba wa kaji hatsi. Wanka ta yi a zaune kan kujera 'yar tsugunne, kayan da take amfani da su kullum a ajiye su daidai ƙugu, kada ta riƙa duƙawa ko miƙa hannu sama. Salla kuma abin da za ta iya a tsaye ta yi a tsaye, abin da ya gagara ta yi a zaune, kamar yadda ya zo a hadisin Imrana ɗan Husaini. Macen da ta ciyar da gida shekara 30 da kaskon tuya, a wayi gari ko buta an hana ta, ba ƙafarta kaɗai ke mutuwa ba. Shirun da kika lura da shi ki faɗa wa likita. Damuwa da fargaba suna yawan rakiyar wannan ciwo, kuma ana maganinsu.

Hayaƙi kuwa ba a murhu kaɗai yake ba. Akwai igiyar leko da ake kunnawa don sauro, a maye ta da gidan sauro. Akwai janareta a gindin taga, da ƙona shara a bayan gida, da kaskon gawayi a ɗaki lokacin sanyi, wanda ko mai lafiya yana iya kashewa in an rufe ƙofa. Sai turaren wuta, wanda na san raba mace da shi sai an yi da gaske. A turara kayan a wani ɗaki, a bari hayaƙin ya fita, sannan a kawo mata. In hunturu ya shigo da hazo, ta bari hantsi ya ɗaga, ta rufe hanci da mayafi, ranar da ƙura ta yi yawa ta yi tafiyarta a falo. Da bazara kuma da sassafe ko da yamma liƙis.

Ku tafi asibiti da inhelar, Inna ta shaƙa a gaban ma'aikaci ya gani. Mutane da yawa a baki suke fesa maganin su haɗiye, huhu bai samu komai ba, sannan a ce maganin ba ya aiki. A girgiza, ta fitar da iska, ta danna daidai lokacin da ta fara ja a hankali, ta riƙe kamar daƙiƙa 10 in za ta iya. In haɗa dannawa da ja yana ba ta wuya, akwai robar da ake jonawa a bakin inhela, ku tambaya. Ku kuma tambaya ko ta riƙa shaƙar inhela mai saurin buɗe ƙirji kafin ta fara tafiya. Sannan ki kwashe duk magungunan kemis da ke ɗakinta a leda ki kai. In akwai prednisolone ko dexamethasone a ciki, su ne ƙwayoyin da ke sa ƙirji ya saki yau, amma shan su wata da watanni yana cinye tsoka da ƙashi, ya tayar da suga. Wanda ya daɗe yana sha ba ya dainawa rana ɗaya, likita ne ke rage masa a hankali. Maganin barci da maganin tari mai sa maye ma ba nata ba ne. Ku tambayi rigakafin mura da na limoniya in ana samu.

Abinci kaɗan-kaɗan sau biyar ya fi malmala biyu ta tuwo a zama ɗaya, domin cikakken ciki yana tokare ƙirji. Tsokar da ake son ginawa tana son wake, ƙwai, nono, kifi, gyaɗa.

Kada ki yi wa kowa alkawarin warkewa. Ciwon yana nan, kuma ribar horon tana zagwanyewa cikin kamar shekara guda in aka daina. Abin da za ki nema a wurin Yaya mako takwas ne kawai, da izinin likita, littafin kuma a hannunsa yake, shi zai riƙa duba adadin ƙwallayen dabino duk Juma'a. In abin da ke damunsa shi ne mutane su ce sun bar uwarsu tana wahala, ya riƙa zuwa da yamma yana rakiyarta da kansa. Ba wanda zai ga ɗa riƙe da hannun uwarsa a ƙofar gida ya ce wahalar da ita ake yi.

Abu ɗaya ban gani a wasiƙarki ba: ra'ayin Inna. Kin faɗi na likita, da na Yaya, da naki. Kada ki tambaye ta ko tana son motsa jiki, za ta ce a'a, kowa ma haka zai ce. Ki tambaye ta ina ta fi kewar zuwa. In ta ce gidan aminiyarta a bayan layi, ko islamiyya, ko sunan jikar da ke tafe, ki je ki taka hanyar da ƙafarki, ki ƙirga taku nawa ne, ki duba inda akwai dakalin da za a huta. Wannan adadin ki rubuta a shafin farko na littafin, ki kai wa likitan gashi ranar da za ku koma.